An Tara Wa Kare Ɗaya Kuɗin Tiyata, Rarar Fa?

[Kare kwance a keji, ƙafar baya ɗaure da bandeji]

Kun sha cin karo da irin wannan hoton a wayoyinku. Mota ta buge kare, ƙafa ta karye, 'yan sa kai na gidan ceton dabbobi sun rubuta labarinsa suna neman kuɗin tiyata. Kafin ka ce kwabo an tara abin da ake nema, har ya yi rara. Daga nan sai surutu ya tashi: sauran kuɗin fa, aljihun wa ya shiga? Na ga mutanen kirki da ke wanke keji kyauta ana kiransu ɓarayi a kan wannan, abin ya dame ni ƙwarai. Don haka yau a kan rarar nan za mu tsaya.

[Mota ta tsaya, an sauko da dabba, teburin likita, allura]

Sauran aikin ga shi kuna gani. An kawo dabba, likita ya duba ta, an killace ta don kada ta sa wa sauran cuta, an yi mata rigakafi, an ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Ɗan sa kai ya ɗauki hoto, in dai kyanwar ta yarda ta kalli kyamara, don su sai sun ga dama. Ya rubuta labari, mutane suka bayar, dabba ta warke, aka sama mata gida.

[Akwatuna biyu a kan tebur]

To, kuɗin da ke shiga irin wannan gida kashi biyu ne. Akwai wanda aka ba gidan hannu sake, a yi duk abin da ya kamata da shi. Akwai kuma wanda aka ɗaure da manufa ɗaya. Da zarar ɗan sa kai ya rubuta cewa kuɗin na gyaran ƙafar wannan karen ne, duk abin da ya shigo ta wannan kiran ya zama amanar ƙafar nan. Ba a sayen abincin kyanwoyi da shi, ko da kuwa buhun ƙarshe aka buɗe. Ba a biyan kuɗin wuta da shi. Mai bayarwa don abu ɗaya ya bayar, kuma rubutun ɗan sa kai ne ya sa masa wannan niyyar.

A wasu ƙasashe ma doka ce. A Ingila da Wales, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji tana ɗaukar irin wannan kuɗi a matsayin na manufar da aka ambata. Idan manufar ta gagara, asali sai a nemi waɗanda suka bayar a mayar musu, ko a bi hanyar da doka ta tsara kafin a karkatar da shi. Sai a dokar ƙungiyoyin agaji ta 2022 aka sassauta wa ƙananan gudummawa, waɗanda ba su wuce fam 120 daga mutum ɗaya a shekara ba.

[Kejuna a jere, tsohon kare yana barci a lungu]

Me ya sa rarar take yawan faruwa? Halin zuciyar ɗan Adam ne. A 2007, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic sun wallafa wani bincike inda aka ga mutane sun fi sakin hannu idan aka nuna musu yarinya ɗaya mai suna da fuska, fiye da idan aka karanta musu alƙaluman miliyoyin mabuƙata. Haka abin yake a gidan dabbobi. Mai bandeji ya samu har ya yi yawa, shi kuwa wannan tsohon da ke lungu, wanda lafiyarsa ƙalau sai dai ba wanda ya zo ɗaukarsa, kullum sai ya ci abinci, kuma babu mai tura hotonsa.

Ku dubi wannan jarkar. Bilic ne, ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Cutar parvo, mai kashe 'yan kwikwiyo da amai da gudawa ta jini, ƙwayarta tana iya yin watanni a ƙasa tana jiran wani, kuma bilic na cikin 'yan abubuwan da ke kashe ta. Rayukan da wannan jarka ke ceta ba su ƙirguwa, amma wa zai taɓa zuciyar mutane da hoton jarka?

[Yatsu a kan waya, rubutu yana fitowa]

Maganin duk wannan rikici na rara, jimla ɗaya ce a cikin rubutun neman kuɗin, kuma ita ce 'yan sa kai da yawa ke mantawa saboda gaggawa. Ku karanta ta a hankali: "Idan abin da aka tara ya wuce kuɗin maganin wannan kare, ko kuma maganin bai yiwu ba, za a yi amfani da sauran wajen kula da sauran dabbobin gidan."

Tun ranar farko ake rubuta ta, kafin kuɗin farko ya shigo, a inda kowa zai gani. In aka ƙara ta bayan an tara, ba ta hau kan waɗanda suka riga suka bayar ba, domin su ba a kan wannan sharaɗin suka bayar ba. Sai an koma an nemi yardarsu, kuma bin mutum ɗari uku ɗaya bayan ɗaya aiki ne ja.

Ku lura da inda aka ce "ko maganin bai yiwu ba". Ba mai son rubuta wannan, na sani. Amma kare kan mutu da dare kafin ranar tiyata. Wani lokaci hoton ƙashi ya nuna ƙafar ba ta gyaruwa, sai yankewa. Mutumin da ya kwana yana ba dabba ruwa da sirinji bai kamata gari ya waye masa da baƙin ciki da zargi a lokaci guda ba.

Sannan abin da ake gani kamar rara ba kullum rara ba ne. Adadin da aka sa a farko ƙiyasin likita ne. Bayan tiyata akwai canjin bandeji, akwai sake ɗaukar hoton ƙashi, wani sa'in da cire ƙarfen da aka sa, ga kamfanonin da ake biya ta hannunsu su ma suna cire nasu kason.

[Rasit, littafin lissafi, kare yana takawa da ƙafa huɗu]

Kai mai bayarwa, kafin ka tura, nemi wannan jimlar. Duba ko asusun da sunan gidan yake, ba da sunan wani mutum ba. In an gama magani, kana da ikon tambayar rasit, gidan kirki ba ya jin haushin haka. Ni dai in za a bi ta tawa, ka ba mai bandeji abin da zuciyarka ta ba ka, sannan ka ware ɗan wani abu duk wata, komai ƙanƙantarsa, ka rubuta a jikinsa cewa na gidan ne gaba ɗaya, a kashe inda buƙata ta fi.