Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista daga Hausawan Jidda Ma'aikatan Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista daga Najeriya, ranka ya daɗe, 'yan tawagarka, dattawanmu da malamanmu. A madadin Hausawa mazauna Jidda masu aiki a tashar jiragen ruwa da masana'antun tace ruwan sha, muna yi maka barka da zuwa, sannu da hanya. Tunda ka zo ganin yadda ƙasashen Bahar Maliya ke haɗa kai wajen tsare tekunsu, ga abin da muka sani.

Babu kogi mai gudana duk shekara da ke zuba cikin wannan teku, kuma ƙofarta ta kudu, Babul Mandab, faɗinta kusan kilomita 30 ne kacal. Duk ƙazantar da ta shiga sai ta daɗe. Alhali daga nan ake tace ruwan da Jidda da Makka ke sha. Da zarar man da ya malala a teku ya kusanci bututun jan ruwa, dole a tsayar da injinan tace ruwan.

A garin nan aka sa hannu kan Yarjejeniyar Jidda ta kare muhallin wannan teku a 1982, a nan kuma hukumar PERSGA mai aiwatar da ita take tun 1995, mai ƙasashe bakwai: Saudiyya, Masar, Sudan, Jodan, Yaman, Jibuti da Somaliya. Sai dai takarda ba ta kwashe mai. Tun 1973 yarjejeniyar MARPOL, ta hana jirage gurɓata teku, ta lissafa Bahar Maliya cikin yankuna na musamman, amma tsauraran sharuɗɗan ba su fara aiki ba sai 1 ga Janairu 2025, domin an yi ta jiran tashoshi su samar da wuraren karɓar dattin jirage. Nan ne gizo ke saƙa. Ruwan da ke taruwa a ƙasan ɗakin injin jirgi ba a sakinsa sai an tace, man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Dagwalon da ya rage kuwa a tasha ake sauke shi, a karɓi rasit, a rubuta a littafin mai. Idan tasha ba ta da tankin karɓa, ko kuɗinta ya yi yawa, ko ta ɓata wa jirgi lokaci, wasu sai su sake shi cikin dare a tsakiyar teku. Don haka mai bincike ya riƙa gwada littafin da rasit da abin da ya tarar a tanki.

In mai ya malala, sa'o'in farko su ne komai. A sanar da maƙwabta nan take. Shingen roba mai iyo ba ya riƙe mai idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ta ƙasa yake sulalewa, kuma ba a fesa sinadarin tarwatsa mai a ruwa marar zurfi kusa da murjani. Rigakafi ya fi: a Agustan 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe gangar ɗanyen mai fiye da miliyan ɗaya daga tsohon jirgin Safer a gaɓar Yaman don kada ya fashe, da gudummawar ƙasashe da dama.

Ranka ya daɗe, Najeriya na cikin Yarjejeniyar Abidjan ta 1981, ta kare tekun yankinmu. Roƙonmu shi ne a duba wuraren karɓar datti a tashoshinmu na Apapa da Onne, a daidaita kuɗinsu da na Kwatano da Lome, kada jirgi ya guje wa wata tasha ya zubar a ruwan maƙwabciyarta.

Allah ya sa a gama ziyara lafiya, ya mayar da ku gida lafiya.