Kocin da ya shekara 50 a kulob ɗaya ba a kore shi ba: laccar da aka yi kan Connie Mack

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam shugaban taro, iyayenmu da ke zaune nan gaba, 'yan uwa matasa, sannunku da zuwa. Na san da aka ce yau kan besbol za a yi magana wasu har sun fara lalubar takalmansu, toh ku zauna, ba dokokin wasan na zo koya muku ba, labarin wani tsoho na zo ba ku.

Amma bari in tambaye ku tukuna, a ƙwallon ƙafa wane koci ne kuka sani ya fi daɗewa a kulob ɗaya? Eh, na ji an ce Ferguson, daga 1986 zuwa 2013 a Manchester United, shekara 26 da 'yan kai. Wenger 22 a Arsenal. Toh mutumin da zan yi magana a kansa shi kaka 50 ya yi yana jan kulob ɗaya, Philadelphia Athletics a Amurka, daga 1901 har 1950. Ku haɗa Ferguson da Wenger wuri ɗaya, ba su kamo shi ba.

Sunansa na yanka Cornelius McGillicuddy, sunan kuwa ya yi wa bakin jama'a nauyi sai aka gajarta ake ce masa Connie Mack. An haife shi a 1862 a jihar Massachusetts, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Ayalan, talakawa tilis, yana yaro ma a kamfanin takalma ya yi aiki. Ya buga wasan da kansa, shi ne mai tsugunawa bayan mai sanda yana cafe ƙwallo, ba wani shahararren ɗan wasa ba ne amma wurin da yake tsugunawar nan duk fili a gabansa yake, nan ya koyi karanta wasa. Ya fara koci a Pittsburgh daga 1894 zuwa 1896, in ka haɗa da na Philadelphia kaka 53 kenan.

Wasan a taƙaice, don kar in bar wasu a duhu: wannan ya jefo ƙwallo, wancan ya maka mata sanda ya ruga, akwai tasha huɗu, in ya zagayo ya dawo gida an ci maki ɗaya. Zagaye tara ake yi. Kuma kusan kullum ake buga shi, a zamaninsa wasa 154 ake yi a kaka guda, shi ya sa alƙaluman da zan faɗa za ku ji su kamar ƙarya. Mack ya ci wasa 3,731, har yau ba kocin da ya kai 3,000 ma in ba shi ba. Sannan an cinye shi sau 3,948, nan ma ba wanda ya kamo shi. Kun ji fa, wanda ya fi kowa nasara a tarihin wasan shi ne ya fi kowa shan kashi, kuma kashin da ya sha ya fi nasarar yawa. Ya za a yi koci irin wannan ya shekara 50 ba a ba shi takardar sallama ba?

Amsar ba ta da wuya, kulob ɗin nasa ne. Tun da aka kafa shi a 1901 yana da hannun jari a ciki tare da wani ɗan kasuwa Ben Shibe, daga baya ma kaso mafi tsoka ya dawo hannunsa. Wa zai kore shi? Sai dai ya duba madubi ya kori kansa (dariya). Ni a ganina duk labarin Mack a nan yake, alherinsa da matsalarsa duka daga wannan tushen suka fito.

In ka shiga fili ba sai an nuna maka shi ba. A besbol koci rigar 'yan wasa yake sawa, da lamba a baya da komai, ko da tumbinsa ya kai ina. Shi kuwa Mack kwat yake sawa da nakatayel da malafa, dogo siriri, ya zauna a benci kamar wanda ya zo ɗaurin aure, takardar rubuta maki a hannunsa. Da takardar nan yake aiki, sai ya ɗaga ta ya kaɗa gefe, ɗan wasan da ke can ƙarshen fili ya matsa taku kaɗan, sau da yawa kuwa sai ka ga ƙwallon ta sauko daidai inda ya matsar da shi. Ba a san shi da ashar ba, ba ya tsinka yaro a gaban mutane, in ka yi kuskure zai bari sai an huce ya ja ka gefe. 'Yan wasansa Mista Mack suke ce masa.

A 1902 John McGraw, kocin New York Giants, ya yi musu ba'a ya ce kulob ɗin farar giwa ce, a wurinsu wannan na nufin dukiyar da ciyar da ita ya fi amfaninta. Mack bai yi fushi ba, sai ya ɗauki giwar ya mai da ita tambarin kulob, kuma a shekarar ya lashe gasar rukuninsu. Gaba ɗaya sau 9 ya ci rukunin, babban kofi kuma da suke kira World Series, inda zakarun rukuni biyu ke karawa, sau 5: 1910, 1911, 1913, sai 1929 da 1930.

Ku lura da ramin da ke tsakanin 1913 da 1929, nan ne maganar take. A 1914 yana da tawagar da ta fi ta kowa, su Eddie Collins da Frank Baker, suka je wasan ƙarshe Boston Braves ta lallasa su huɗu ba ko ɗaya. A lokacin kuma an buɗe wata sabuwar gasa da ke zawarcin 'yan wasa da albashi mai tsoka, shi kuwa Mack ba shi da masana'anta ko wani kamfani a gefe, abin da aka tara a ƙofa na tikiti da shi yake biyan albashi da shi yake cefane. Sai ya buɗe kasuwa. Ya sayar da Collins ga Chicago White Sox kan dala 50,000, sauran ma suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sakamako? Shekara 7 a jere, 1915 zuwa 1921, su ne na ƙarshe a tebur. A 1916 wasa 36 kacal suka ci aka cinye su 117. Wallahi da a ce koci ne na haya ko rabin kakar ba zai kai ba.

Amma da yake ba mai korarsa sai ya zauna ya sake gini a hankali, mahaƙurci mawadaci. Ya ɗauko Jimmie Foxx yana yaro ƙarami, ya samo Al Simmons da Mickey Cochrane, ya zuba dala 100,600 ya sayi mai jifa Lefty Grove daga Baltimore. Mutumin da ake ce wa marowaci fa.

Abin da na fi so a labarinsa a 1929 ya faru, yana da shekara 66. Za su haɗu da Chicago Cubs a World Series, kowa ya sa ran Grove ko wani gwanin zai fara jifa a wasan farko. Akwai wani Howard Ehmke, shekararsa 35, hannu ya gaji, kakar nan bai yi wani jifa mai yawa ba, kowa ya ɗauka tasa ta ƙare. Ashe tun kafin kaka ta ƙare Mack ya ce masa kar ya bi tawaga tafiya, ya zauna ya je ya riƙa kallon wasannin Cubs yana nazarin masu sandarsu. Ranar wasa sai ga Ehmke ya fito yana motsa hannu, har 'yan wasan Mack kansu suka riƙe baki. Ya fitar da mutum 13 da jifa, a lokacin ba a taɓa yin haka a World Series ba, suka ci 3 da 1. A wasa na huɗu kuma ana cin su 8 da nema, a zagaye na bakwai kaɗai suka zuba 10. Suka ɗauki kofi, ba a yi sati uku ba kasuwar hannun jari ta New York ta rushe.

Toh kun san sauran. Talauci ya shigo, mutane suka daina sayen tikiti, Mack ya sake buɗe kasuwa. Simmons ya tafi Chicago, Cochrane ya tafi Detroit, Grove da Foxx suka tafi Boston. Wannan karon kuwa ginin bai sake tashi ba. Bayan 1931 bai ƙara cin rukuni ba, kuma ya ci gaba da zama a bencin nan shekara 19.

Nan ne ni nake rabuwa da masu yabonsa ba ƙaƙƙautawa. A shekarunsa na ƙarshe tsufa ya kama shi, yakan yi gyangyaɗi ana tsakiyar wasa, yakan kira sunan ɗan wasan da ya bar kulob tun tuni ya ce ya shiga, mataimakansa ne ke gyara abin a ɓoye don kar a kunyata shi. Kowa na gani amma wa zai iya ce wa mai gida ya tashi daga kujerarsa? Sannan akwai wata, Jackie Robinson, ɗan wasa baƙar fata, ya shiga babbar gasa a 1947, wasu kulob suka fara ɗaukar baƙaƙen fata suna ƙaruwa da su, Mack har ya sauka bai sa ko ɗaya a tawagarsa ba, sai 1953 kulob ɗin ya sa na farko, Bob Trice.

Ya sauka a 1950 yana da shekara 87. 'Ya'yansa kuma rigima ta ɓarke tsakaninsu kan wa zai riƙe kulob, 'yan uba ne, kun san yadda abin yake, bashi ya yi musu katutu. A 1953 aka sa wa filin wasan sunansa, a ƙarshen 1954 aka sayar da kulob ɗin aka kwashe shi zuwa Kansas City, daga can a 1968 ya koma Oakland. Shi kuma ya rasu a watan Fabrairun 1956 yana da shekara 93, filin na ɗauke da sunansa amma wani kulob ne ke wasa a ciki.

Malam shugaba na ga kana nuna min agogo, na gani, ran ka ya daɗe. Wancan ɗan uwan na baya tun ɗazu hannunsa ke sama, a miƙa masa makirufo.