Amsoshin Tambayoyinku: Wane takunkumi ya dace da ɗakin masu tarin fuka?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wata ma'aikaciyar jinya ce a Kano, wadda aka mayar ɗakin masu tarin fuka. Tana tambaya: shuɗin takunkumin nan da ake rabawa ya wadatar, ko sai N95?

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Gaskiya bai wadatar ba. Shuɗin an yi shi ne don tare feshin yawu da majina da jini. Ki sa shi ki dubi madubi, za ki ga gefen kumatu a buɗe, ta nan iska ke kurɗawa. Ga cuta irin mashaƙo, mai bin feshin tari, yana aiki. Amma ƙwayoyin tarin fuka da na ƙyanda sukan daɗe suna yawo a iskar ɗaki, ko bayan mai tarin ya fita. Shi N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, na ainihin kuma za ki ga an buga NIOSH a jikinsa, wato hukumar Amurka mai tantance shi. Takwaransa na Turai, FFP2, kashi 94 yake tacewa. Ke ki sa N95, shuɗin a sa wa majinyaci.

Sai dai fa in N95 ɗin bai kama fuska ba, aikin banza ne. Igiya ɗaya a tsakar kai, ɗaya a ƙeya ƙasan kunnuwa. Ki matse ƙarfen da ke kan karan hanci da hannu biyu, ki rufe takunkumin da tafukanki, ki huro iska. In tabaranki ya yi hazo, to yana yoyo, ki sake gyarawa. In ya jiƙe, ki canza shi.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaji daga Damagaram kuma ya ce: gemu fa?

Malam, na san matsayin gemu a wurinmu, amma ba zan ɓoye maka ba: gashi in ya shiga tsakanin fata da bakin takunkumi, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Akwai wani takunkumin mai kama da hula, yana rufe kai duka, injin batir na hura masa tatacciyar iska, kuma gemu ba ya hana shi aiki. Yana da tsada, ba ko'ina ake samunsa ba, amma ka kai maganar gaban shugabannin asibitinku kafin ka ci gaba da gwajin majina.