Menfirem, Kwamfutar da Ke Riƙe da Lissafin Kuɗin da Ake Turawa ta Waya

Assalamu alaikum, masu kallo. A duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar banki a wayarsa, ya rubuta lambar asusu da adadin kuɗi, sannan ya danna maɓallin turawa, akwai 'yan daƙiƙoƙi da yake zuba wa wayar ido yana jiran saƙon tabbatarwa. Ita wayar ba ta ajiye da ko sisin kwabo, matsayinta na ɗan aike ne kawai. Saƙon yana ratsa hasumiyar sadarwa da wayoyin intanet har ya isa inda ainihin littafin lissafin bankin yake, kuma a yawancin manyan bankunan duniya, da kamfanonin katin kuɗi, da na inshora, da na jiragen sama, wannan littafi yana cikin wata irin kwamfuta da ake kira menfirem.

Sunan ya samo asali ne daga katafaren akwatin ƙarfe da ake harhaɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinsa a zamanin da na'ura ɗaya takan cika ɗaki. Ta yau ba ta wuce girman babban firji ba, ko firji uku zuwa huɗu a jere. Mutane da dama suna ɗaukar ta a matsayin sufa-kwamfuta, alhali aikinsu ya sha bamban. Sufa-kwamfuta tana fama ne da lissafi guda mai wuyar gaske, kamar hasashen yanayi. Ita kuwa menfirem an ƙera ta ne domin ƙananan ayyuka masu ɗimbin yawa da ke shigowa lokaci guda, wannan ya cire dubu biyar, wancan ya biya kuɗin wuta, wata ta sayi tikitin jirgi, kuma dole kowane ɗaya ya fita daidai ba tare da ya taka ɗan'uwansa ba.

Tushen wannan na'ura kamar yadda aka san ta a yau ya faro ne ranar 7 ga Afrilu, 1964, lokacin da kamfanin IBM na Amurka, ƙarƙashin shugabancin Thomas Watson ƙarami, ya ƙaddamar da System/360, aikin da ya lashe kusan dala biliyan 5. Kafin wannan rana, sau da yawa kamfanin da ya sayi sabuwar kwamfuta sai ya sake rubuta manhajojinsa daga farko. IBM ya zo da alƙawarin cewa manhajar da aka rubuta wa ƙaramar na'ura za ta yi aiki a kan babba, kuma ya riƙe wannan alƙawari daga ƙarni zuwa ƙarni na injunansa, ta yadda a yau akwai manhajojin da aka rubuta shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce suna aiki a kan sabon inji. Yawancinsu an rubuta su da COBOL, harshen kwamfuta da aka tsara a 1959 musamman domin lissafin kasuwanci, kuma da yawa suna gudana ƙarƙashin CICS, manhajar kula da hada-hada da ta fito a 1969.

Dalilin da ya sa bankuna suka manne wa wannan tsari yana cikin wani abu da duk mai tura kuɗi ta waya ya san zafinsa, wato a cire maka kuɗi daga asusu amma su kasa isa ga wanda ka tura wa. Tura kuɗi aiki biyu ne a cikin riga ɗaya: a rage daga nan, a ƙara a can. Idan wuta ta ɗauke ko layi ya yanke a tsakanin matakan biyu, kuɗin sun maƙale a hanya. Ƙa'idar da CICS da rumbunan bayanai irin su IMS da Db2 suke bi ita ce, ko dai matakan su kammala gaba ɗaya, ko kuma a mayar da komai yadda yake tun farko kamar ba a taɓa ba. Haka nan idan mutum biyu suka nemi cire kuɗi daga asusu ɗaya a daƙiƙa ɗaya, tsarin yana tsayar da ɗaya har sai an gama da ɗayan. Wasu na'urori ma suna iya bin wannan ƙa'ida, amma menfirem ta shafe fiye da rabin ƙarni tana yin haka a ƙarƙashin nauyi mafi tsanani, kuma jikinta ma an gina shi a kan wannan manufa. Kusan kowane sashe yana da na ko-ta-kwana, ana iya sauya ɓangaren da ya lalace inji na ci gaba da aiki, kuma tun 1994 ana iya haɗa har tsari 32 su yi aiki kamar guda, idan ɗaya ya tsaya sauran su ɗauki kayansa.

Duk da haka an sha yi mata jana'iza tun tana raye. A 1991 wani sanannen marubuci kan fasaha a Amurka, Stewart Alsop, ya yi hasashen cewa za a zare wa menfirem ta ƙarshe wuta ranar 15 ga Maris, 1996. Ranar ta zo ta wuce, kuma daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. Da wayoyin zamani suka bazu bayan fitowar iPhone a 2007, mutane da yawa sun sake ɗauka cewa ƙarshen tsohuwar na'urar ya zo, amma sai ga shi aiki ne ya ƙaru mata.

Ga yadda abin ya faru. A da, mai asusu yakan je banki sau ɗaya ko biyu a wata, a lokutan aiki, kuma idan an rufe ƙofa da yamma sai kwamfutar ta samu dare guda tana daidaita lissafin yini. Yanzu reshen banki yana cikin aljihun kowa, ba ya rufewa dare da rana. Mutum yakan duba ragowar kuɗinsa sau goma a ranar albashi, kuma kowane dubawa tambaya ce da take isa har cikin littafin lissafi, ko da bankin bai samu ko kwabo daga gare ta ba. Nauyin ya ninka, sannan ya daina bin jadawali.

Ta yaya manhajar waya ta jiya-jiya take magana da manhajar COBOL da ta girme wanda ya rubuta ta wayar? Ana sanya tafinta a tsakaninsu. Manhajar waya tana aika buƙatarta a tsarin da intanet ta saba da shi, sai wata kafa irin z/OS Connect ta karɓa, ta juya ta zuwa sigar da tsohuwar manhaja ke fahimta, ta karɓo amsa ta mayar, duk cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Da haka banki yana iya sauya fuskar manhajarsa duk wata ba tare da ya taɓa lissafin da ke ƙasa ba. Bugu da ƙari, tun kusan shekara ta 2000 menfirem tana ɗaukar Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da yawancin sababbin manhajojin intanet ke gudana a kanta, don haka sababbin manhajoji suna iya zama a inji ɗaya da tsofaffin bayanai.

IBM ya ga inda iska ta kaɗa. A Janairun 2015 ya fitar da z13, wadda ya tallata a matsayin injin da aka gina domin kasuwancin waya, yana mai cewa tana iya kammala hada-hada biliyan 2.5 a rana. A 2017 z14 ta zo da ikon kulle dukkan bayanai da lambobin sirri ba tare da aiki ya yi nauyi ba. Wadda ta fi jan hankalina ita ce z16 ta 2022, domin an dasa sashen ƙirƙirarriyar basira a cikin ƙwaƙwalwarta mai suna Telum, abin da ke ba banki damar auna ko wata hada-hada ta 'yan damfara ce tun kafin kuɗin su fita. Wanda aka taɓa yashe wa asusu ya san bambancin tare ɓarawo a bakin ƙofa da bin sawunsa bayan ya tsere. A Afrilun 2025 z17 ta biyo baya a kan wannan turba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, na'urar tana da tsada, kuma kasuwarta kusan duk tana hannun kamfani ɗaya. An daɗe ana lissafa kuɗin lasisin manhajojinta bisa ƙololuwar aikin da inji ya yi a wata, saboda haka yawan duba asusu ta waya ya riƙa kumbura wa bankuna kuɗin da suke biya, har sai da IBM ya fito da rangwame na musamman ga ayyukan waya a 2014. Wannan na cikin dalilan da suka sa sababbin kamfanonin kuɗi na intanet suke gina tsarinsu tun daga tushe a kan gajimare, wato kwamfutocin wasu kamfanoni da ake haya ta intanet, kuma suna aiki lafiya. Tsohon banki mai asusu miliyoyi kuwa, ƙaura a wurinsa kamar sauya harsashin gida ne alhali mutane suna kwance a ciki. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsohon tsarin bankin Lloyds da yake amfani da shi zuwa sabo, aikin ya rikice, kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin ya sauka, kuma a 2022 hukumomi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65.

A ganina, abin da ya fi barazana ga menfirem shi ne ƙarancin masu sanin ta. Waɗanda suka rubuta tsofaffin manhajojin suna yin ritaya, jami'o'i kaɗan ne ke koyar da COBOL, kuma sau da yawa dokokin kasuwancin kamfani ba a rubuce suke a ko'ina ba sai a cikin manhajar kanta. A Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta sa masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsarin jihar New Jersey ta Amurka yawa, gwamnan jihar na lokacin, Phil Murphy, ya fito bainar jama'a yana neman masu iya COBOL su kawo ɗauki, domin tsarin ya haura shekara arba'in kuma masu iya gyara shi sun yi ƙaranci.