An ce ba kansa ba ce, to me ya kawo zancen cire mahaifa?

ZAINAB: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Anti, tun da muka karanta saƙon baiwar Allahn nan, wadda ta ce an gano mata matsala a bakin mahaifa, an ce ba kansa ba ce amma likita ya ce a cire mahaifar, wayata ba ta huta ba. Kowa tambayarsa ɗaya: in dai ba kansa ba ce, don me za a cire mata mahaifa?

KABIRU: Ni ma abin da ya ɗaure min kai ke nan.

ANTI HAUWA: Ai ita ma tambayar da za ta yi wa likitanta ke nan, kuma kada ta tashi daga kujera sai ta fahimci amsar. An samu HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, an ɗebi ɗan nama an duba, an ce CIN 3, wato mataki na uku na sauyin ƙwayoyin bakin mahaifa. Ƙwayoyin da ke saman fatar bakin mahaifa ne suka sauya kama, amma ba su nutsa ciki ba. Mataki na 1 yawanci da kansa yake warkewa, ido kawai ake sa masa. Na 2 da na 3 su ake yi wa magani. Kuma wallahi maganin farko ba cire mahaifa ba ne. LEEP ake yi. Wata siririyar waya ce lanƙwasasshiya mai aiki da lantarki, a yi miki allurar kashe zafi a wurin, a yanke ɓangaren da ya lalace. Bai kai rabin awa ba, a ranar za ki koma gida. Wani lokacin kuma ƙona wurin ake yi ko a daskarar da shi.

ZAINAB: Amma ita ta ce sau biyu ana yi mata.

ANTI HAUWA: Yauwa! Nan ne masu yi mana sharhi suka tsallake. In an yanko naman, ana kai shi ɗakin gwaji a duba gefensa. In gefen ya fita tas, madalla. In an ga lalatattun ƙwayoyi har bakin inda aka yanka, to wataƙila akwai saura a jiki. Sai a sake. Amma bakin mahaifa ba wani tsawo ne da shi ba, santimita 3 ne ko 4. Duk yankan da aka yi yana rage shi, ga mafitsara a gaba, ga hanji a baya. Akwai inda za a kai likita ya ce ba shi da abin da zai ƙara yanka lafiya, ga tabo ya toshe wurin, ko an leƙa ba a ganin ciki. A nan ne zancen cirewa yake shigowa. Sai kuma wani nau'i da ake kira AIS, wanda yake fitowa can cikin hanyar, a warwatse, nan akwai can babu. Shi kam in mace ta gama haihuwa, cirewar ake ba ta shawara tun farko. Bari in zana muku.

KABIRU: Anti, masu sauraro ba sa gani fa.

ANTI HAUWA: Kai kana gani ai.

KABIRU: Ina gani. Jama'a, Anti ta zana kan rago.

ZAINAB: Har da ƙaho!

ANTI HAUWA: Ƙahon nan su ne hanyoyin ƙwai, marasa kunya.

KABIRU: To waɗannan biyun fa, kunnuwa ne?

ZAINAB: A'a, ɗan kunne ya saka.

ANTI HAUWA: Shekarun da na yi a ɗakin mata da zanen nan nake yi wa mutane bayani, ba wanda ya taɓa yi min dariya.

ZAINAB: Tsoronki suke ji, Anti, kina riƙe da allura.

KABIRU: Ki bari in ƙara masa ido.

ANTI HAUWA: Ajiye biron nan, Kabiru.

KABIRU: Ido ɗaya kawai.

ANTI HAUWA: Ka gama? To abin da ka kira kunnuwa, ma'ajiyar ƙwai ce, kuma ita ce ta fi damun wadda ta rubuto mana. Tana tsoron ta farka daga tiyata ta tsufa dare ɗaya. Sinadaran da ke riƙe da jikin mace daga nan suke fitowa, ba daga mahaifa ba. A irin wannan aikin yawanci ba a taɓa su. Jinin al'ada zai tsaya, ciki kuma babu shi har abada, wannan gaskiya ne, kuma ban yarda a ce wa mace ai ba komai ba ne. Na ga mai 'ya'ya manya, ba ta da niyyar ƙara haihuwa, amma da aka miƙa mata takardar sa hannu ta riƙe biro hannunta yana rawa, ta kasa rubuta sunanta. Amma zufar dare da zafin jikin da ake ji in al'ada ta ɗauke, ba za su zo washegari ba in an bar ma'ajiyar ƙwai. Sai dai wasu sukan riga sa'o'insu shiga wannan lokacin. Ta tambaya, ta ji daga bakin likita: za a bar su ko za a cire?

ZAINAB: Wata ta turo cewa a bar bakin mahaifar a cire saman kawai, wai ya fi sauƙi.

ANTI HAUWA: Akwai irin wannan aikin, amma ba nata ba ne. Ita ai matsalar a bakin take.

KABIRU: Anti, ni ɓangaren maza nake so a taɓa. Wani ya ce min da matarsa ce, sai ta faɗa masa inda ta samo.

ANTI HAUWA: Ka ce masa ya zauna. Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, zai gamu da HPV a rayuwarsa. Kusan 9 cikin 10 garkuwar jikinsu take kawar da ita cikin shekara 2, ba su ma sani ba. Wadda ta maƙale kuma tana iya kwanciya shiru shekara da shekaru. Babu gwajin da zai ce ranar kaza ta shiga, daga wane. Shi kansa mai maganar, wa ya gwada shi? Ba a ma yi wa maza gwajin yadda ake yi wa mata.

KABIRU: Zan faɗa masa, amma ba da wannan muryar ba.

ZAINAB: To gaggawa fa? Ta ce ji take kamar in ta ƙara wata ɗaya ta mutu.

ANTI HAUWA: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara 15 zuwa 20 abin yake ɗauka kafin ya zama kansa, in garkuwar jiki lafiya take. Mai HIV da ba ta shan magani, 5 zuwa 10. Tana da lokacin da za ta je wurin wani likitan mata da duk takardunta ta ji ra'ayinsa. Abin da ba ta da shi shi ne lokacin da za ta jefa takardar a jaka ta manta. Wani bincike a Niyu Zilan ya bi matan da aka bari da CIN 3 ba magani, kusan ɗaya cikin uku kansa ta kama su cikin shekara 30. Sannan ta tabbatar an tantance babu kansar da ta riga ta nutsa kafin a shiga da ita, domin in akwai, aikin da za a yi daban ne, ya fi wannan faɗi.

KABIRU: In an cire mahaifar shi ke nan an rabu da cutar?

ANTI HAUWA: Ina! Mahaifa aka cire, ba HPV ba. Tana iya zama a saman farji inda aka yi ɗinki. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2019 cewa ta yi a ci gaba da gwaji aƙalla shekara 25. Mata da yawa daga ranar da aka sallame su ba a sake ganin su, suna ganin an gama. In kuma tana shan taba, ta bari, taba tana taimaka wa cutar ta zauna.

ZAINAB: Jinya fa?

ANTI HAUWA: In cikin aka buɗe, sati 6 zuwa 8. In ta ƙananan huji aka yi da kyamara, ko ta ƙasa, ya fi sauri. Ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba saduwa sai ɗinkin ciki ya warke, aƙalla sati 6, kuma sai likita ya duba ya ce...

KABIRU: Anti, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya tafi.

ZAINAB: Ba mu taɓa allurar rigakafi ba fa, ita muka ce za mu rufe da ita.

ANTI HAUWA: Nau'in HPV na 16 da na 18 su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na kansar bakin mahaifa, allurar tana tare su, 'yan mata shekara 9 zuwa 14 aka fi so, sauran sai shiri na gaba.

ZAINAB: To ku ci gaba da turo saƙonni. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.