Wa Ke da Iko da Makin Manhajar Ces?

A intanet ana wallafa wani jeri mai suna CCRL, inda masu aikin sa kai suke haɗa manhajojin darar Turawa, wato ces, su kara da juna a dubban wasanni, sannan a jera su bisa makin Elo, wato ma'aunin ƙarfin ɗan wasa. Akwai irinsa na ƙungiyar SSDF a ƙasar Suwidin, wanda aka fara fitarwa a 1984. Kwanan nan gardama ta yi zafi tsakanin matasan da ke buga ces a Yelwa, nan Bauchi: idan marubucin manhaja bai ji daɗin matsayin da aka ba shi ba, yana da ikon sa a cire sunan manhajarsa, har ya maka masu jerin a kotu?

Wuri ɗaya ne yawancin mutane suke tuntuɓe, kuma a nan za mu ɗan tsaya. Dokar haƙƙin mallaka tana kare abin da mutum ya zauna ya rubuta, wato layukan umarnin da aka gina manhajar da su, kuma dokarmu ta Najeriya ta 2022 ta sa manhajar kwamfuta cikin rubuce-rubucen da take karewa. Sakamakon wasa kuwa ba wanda ya rubuta shi. Abu ne da ya faru a gaban idon mai gwaji.

Ku ɗauki misalin injin markaɗe a kasuwar Wunti. A ce maƙeri ya ƙera shi, wata baiwar Allah ta saya da kuɗinta, ta zuba waken da ta jiƙa, ta duba agogo, sannan ta gaya wa maƙwabtanta cewa na wancan layin ya fi shi sauri. Ran maƙerin zai iya ɓaci, amma ba ta ɗauki komai nasa ba. Haka mai gwajin manhaja yake, muddin ta hanyar halal ya samu kwafinsa.

Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Feist, a 1991, cewa ba wanda zai mallaki tsurar bayanin abin da ya faru. A 2016, lokacin karawar Carlsen da Karjakin a gasar ces ta duniya, wata kotu a birnin New York ta ƙi hana shafukan intanet watsa motsin 'yan wasan, duk da ƙarar da masu shirya gasar suka shigar.

Sai dai a kula da abu biyu. Manhajar da ake sayarwa takan zo da sharuɗɗan da mai saye ya amince da su, kuma idan sun hana wallafa gwaji, to magana ta koma kan yarjejeniya, wadda ƙarfinta ya danganta da dokar kowace ƙasa. Wanda kuma ya ƙirƙiri maki na ƙarya, zargin ɓata suna na iya hawa kansa. Stockfish, wata manhajar ces ta kyauta, ba ta da matsalar farko, domin lasisinta mai suna GPL ya ba kowa damar kunna ta da gwada ta ba iyaka.

A ganina, marubuci mai gaskiya shi ya fi kowa cin moriyar gwaji a bainar jama'a, domin idon mutane da yawa ne ke tona mai kwafar aikin wani, kuma a kan kwafa ne haƙƙinsa yake da ƙarfi sosai. A 2011 ƙungiyar ICGA, mai shirya gasar duniya ta manhajojin ces, ta ƙwace kambuna huɗu na duniya daga manhajar Rybka bisa hukuncinta cewa an ɗebi aikin manhajojin Fruit da Crafty, ko da yake wannan hukuncin ƙungiya ne, ba na kotu ba. A 2021 masu Stockfish suka kai kamfanin ChessBase ƙara a Munik ta Jamus kan manhajojin Fat Fritz 2 da Houdini 6 da yake sayarwa, saboda karya sharuɗɗan lasisin. An sasanta a Nuwamban 2022, kamfanin ya amince ya dakatar da sayar da duk kayan da ke ɗauke da Stockfish har tsawon shekara guda.