Zaman Gindin Tsamiya: Hancin da Ya Daina Jin Daddawa

HABU: Jama'a barkanmu da war haka, daga Gezawa. Malama Rabi, saƙon nan da ake ta yawo da shi a WhatsApp...

RABI: Na baiwar Allah da ta ce tun murar da ta yi a azumin 2020, lokacin annobar korona, ba ta ƙara jin warin daddawa daidai ba.

IRO: Ai wannan rahama ce!

HABU: Kai ba ka san miya ba.

IRO: Bangonmu ɗaya da masu dafa kalwa, Malam. Ranar da aka buɗe tukunyar nan, akuyarmu ma ƙaura take yi.

HABU: Amma in an kaɗa kuka kai ne na farko da kwano.

IRO: Ci daban, maƙwabtaka daban.

RABI: To ku bar ni in yi magana. Mutanenmu tari da zazzaɓi kawai suka riƙe a kan korona, alhali tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Can saman hanci akwai ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyar sunsuna, su take kamawa, sai ƙamshi da ɗanɗano su ɗauke. Yawanci yana dawowa cikin makonni, wasu kuma ya dawo a karkace, nama ya riƙa yi musu warin ƙuna. Mace tana tsaye tuwo na kamawa ba ta ji ba, a ce sakaci ne.

HABU: Ko a ce sammu.

RABI: Wannan ya fi damuna. Tsoho ya rikice, ya daina gane jikokinsa, sai a ce tsufa ne ko iska, a hau turare. Ga ciwon kai, ga mantuwa bayan an warke. A Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar wannan doguwar jinyar: alamun da ke nan bayan wata uku da kamuwa, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu. Shanyewar ɓarin jiki ma tana iya biyo baya, don cutar na sa jini ya daskare. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe? Asibiti nan take, kada a tsaya wajen mai kemis.

IRO: Ni fa mantuwar nan...

HABU: Bashin ɗari biyar ɗina ya girmi korona, Iro.

RABI: Saura maganar yara...

HABU: An kira la'asar, caji ma ya yi ja. Sai mako mai zuwa.